Ranar Da Cinnaka Ya Cije Ki

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata ta fari, uwar takwarana.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina yi miki barka da arba'in, ni ma ina yi wa kaina barka. Allah Ya raya mana wannan yaro, Ya ba ki lafiyar shayarwa, Ya tsare ku gobe tun daga ƙofar gidan nan har ku tsallaka iyaka ku sauka ɗakinki lafiya.

Na san za ki yi mamakin takarda daga mutumin da ɗakinsa ke kallon naki. To, kin san tsakanina da ke ba a doguwar magana. Ke ce ta fari. Tun da aka haife ki ban taɓa kama sunanki ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan", ke kuma ki durƙusa ki amsa kanki a ƙasa. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, abokaina na tasha har tsayawa suke yi su gan ni da littafi a hammata. Suna cewa, "Isuhu, gwamna za a ba ka ne?" Ni ma a lokacin ban da amsa. Yau na samu. Abin da baki ya kasa, ga shi hannu zai yi, ko da rubutun ya karkace. Ki yi haƙuri da shi.

Farin cikin da nake ciki ba ya ɓoyuwa. Ranar suna, da liman ya faɗi sunan yaron na ji nawa ne, ban san sanda hulata ta faɗi ba. Babu direban babbar mota a Jibiya da ban tare na gaya wa ba. Har masu binciken kaya a kan iyaka sun sani, ɗaya daga cikinsu in ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Mun ji, Baba, namiji ne!" Innarki kuwa ta ce ta yi sabon miji, ni in nemi inda zan riƙa cin tuwo. Na ce mata ta je, mijin da ko haƙori ba shi da shi, zan ga abin da zai kawo mata na cefane.

Amma farin cikin nan da tsoro ya zo mini, kuma tsoron ne ya zaunar da ni a zaure da alƙalami tun da aka sauko daga la'asar.

Abin da ya tayar da shi shi ne wuyanki. Makon jiya Gwaggonki Hure, ƙanwata, tana yi miki wanka ta ga bororo ya taso a gefen wuyanki, jere kamar an ɗiga ruwan zafi. Ina zaure na ji muryarta.

"Ke, wannan fa? Hangara ce ta yi miki fitsari! Tun yaushe?"

Kika ce, "Ba komai, Gwaggo."

"Ba komai? Ga shi har ya fashe kina rufewa da mayafi? Wa kike ɓoye wa, bangon gida?"

Kika sake cewa ba komai. Wannan kalma ita ta hana ni sukuni. Na ce a raina, a gidan ubanta ke nan, gaban gwaggon da ta goya ta. To ina ga gidan surukai, a wata ƙasa, inda ake auna hankalin mace da yawan shirunta?

Bari in fara da hangarar, ƙwaron nan na gonar gero, tunda ita ce mai sauƙi, kuma ni na fi kowa saninta a gidan nan. Wata damina ina saurayi, gero ya fitar da kai yana fure a gonarmu ta Riko, ta sauka mini a wuya. Na kai mata mari na murtsuke ta, har ina jin daɗi na yi maganinta. Da hannun nan kuma na share gumi, na murza ido. Kashegari wuyana ya tashi kamar an ɗora mini wuƙa mai zafi, ido ɗaya ya rufe ruf. Na je tasha a haka. Nan kowa ya zama likita. Mai sayar da mai a kwalba ya ce kananzir. Wani bakanike ya ce baƙin mai. Wani ya ce toka da kanwa. Ni kuma don kada in ɓata wa kowa rai, na shafa duka. Tabon da kike gani ƙarƙashin kunnena, ba hangara ce ta bar shi ba, abokan arziki ne.

Daga baya malamin asibiti ya fahimtar da ni. Ya ce ba fitsari ba ne, ba kuma cizo take yi ba. Wani ruwa ne mai ƙuna a jikinta, in an matse ta sai ya fito. Saboda haka in ta sauka miki, kada ki mare ta. Ki hure ta, ko ki kaɗe ta da bakin zane. In har an riga an murtsuke ta, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, a wanke hannu, kada hannun ya kusanci ido. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta, sannan a tafi asibiti. Bororon in ya taso kada a fasa shi, a rufe da ƙyalle mai tsabta. In ya fara ruwa ko wari, ko zazzaɓi ya biyo baya, ba na gida ba ne kuma.

Kina komawa daidai lokacinta. Garinku gonakin gero sun kewaye shi, ita kuma tana bin hasken fitila. Kada ki rataye fitila saman shimfiɗar yaro. Ki kakkaɓe zanen goyo da kayansa duk sanda kika kwaso su daga igiya. In ya fara rarrafe, ki sa ido, don yaro duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, kuma dafin da ke ƙona fata in ya shiga ciki yana ƙona hanji ya taɓa ƙoda. In haka ta faru, Allah Ya kiyaye, za ki ga an rugo da manja za a ɗura masa. Ki hana. Malamin ya ce duk wani maiƙo ƙara wa wannan dafin gudu yake yi cikin jiki. Asibiti kawai.

Yanzu ga babbar maganar.

Kin taso kina jin ana cewa cinnaka ba ya yi da ke. Ƙannenki har tsokanarki suke yi da shi. Kowa a gidan nan ya san labarin, amma an daɗe ana ba da shi da dariya har ya zama kamar tatsuniya. Ina so ki ji shi yadda yake, daga wanda yake zaune a wurin.

Kina ƙarama, ba a sa ki makaranta ba tukuna. Da hantsi ne, bayan kaka. An baje gero a tsakar gida ana aunawa cikin buhuna, kakanki, wato babana, Allah Ya jiƙansa, yana zaune a tabarma da wasu dattawa abokansa da suka zo daga Mazanya. Ni ina gefe a durƙushe. Kina wasa jikin buhunan sai cinnaka ya cije ki a ƙafa. Kika sheƙo da kuka, kika wuce kowa, kika rungume gwiwata.

Gaban babana. Gaban baƙi. 'Yar fari ta rungume ubanta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban ko dube ki ba, na zame ƙafata na ce, "Je wurin gwaggonki."

Kika tafi. Hure ta shafa miki toka, ta ce cinnaka ne kawai, yanzu zai daina. Wa bai sha cizon cinnaka ba a garin nan? Sai dai naki bai daina ba. Kafin a cika buhu na gaba, jikinki duk ya yi rudu-rudu da borin jini, har inda ba a cije ki ba. Leɓunanki suka kumbura, idanunki suka shige. Hure ta kawo nono ta ba ki, kika amayar. Daga nan kukan ya tsaya.

Na ji tsayawarsa. Na kuma ji abin da ya maye gurbinsa, wani sauti siriri kamar ana hura kara, duk sanda kika ja numfashi. Ina jinsa sarai daga inda nake. Zuciyata tana can wurinki, amma idona yana kan saƙar tabarma. Ina jira wani babba ya ce wani abu, don ba ni ya kamata a ga na fara rawar jiki a kanki ba. Har yau in na rufe ido ina ganin saƙar tabarmar nan.

Babana ne ya juya ya gan ki a cinyar Hure. Ya dube ni. Mutumin da nake wa kunyar, shi ne ya ɗaga sandarsa ya buga a ƙasa.

"Kai Isuhu! Ɗiyarka na mutuwa kana ƙirga zaren tabarma? Wa ya aike ka da wannan kunya? Tashi, shashasha!"

Ban san yadda na sungume ki ba. Na fita ba takalmi. Allah Ya sa wani mai ɗaukar hatsi ya tsayar da motarsa a bakin layi, ya gan mu bai tambayi komai ba ya buɗe ƙofa. Muna isa asibiti jikinki ya saki, kanki yana lilo a kafaɗata. Wata ma'aikaciya ta karɓe ki, ta duba bakinki, ba ta tsaya neman kati ba ta soka miki allura a cinya. Muna tsaye. Can sai sautin nan ya fara buɗewa, kika ja numfashi mai kyau, kika fasa kuka. Ban taɓa jin abu mai daɗin wannan kuka ba, sai ranar da takwarana ya yi nasa.

Ma'aikaciyar nan ba ta raga mini ba. Ta ce, "Malam, tun yaushe aka cije ta?" Na faɗa. Ta ce, "To mi kuke jira? Ku gama awon gero?" Da ta huce sai ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce dafin cinnaka ɗan kaɗan ne, ga yawancin mutane zafi ne da ɗan kumburi, a wanke da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, shi ke nan. Amma akwai wanda jikinsa ke ɗaukar ɗan dafin nan kamar babban abokin gaba, ya tashi yaƙi gaba ɗaya, cikin yaƙin maƙogwaro ya kumbura ya toshe, jini ya yi ƙasa. Ta ce ba iska ba ce, ba maita ba ce, ba baki ba ne. Ta ce allurar sunanta adiranalin, ita kaɗai ke buɗe hanyar numfashi a irin wannan hali, kuma da wuri take so. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi da ake saya a kemis tana rage borin jini, amma ba ta buɗe maƙogwaro.

Kin tuna na biyun da kanki, kina budurwa, ranar da kika taka shi a bakin randa. Wannan karon ba wanda ya tsaya neman toka. Amma abin da ba ki lura ba, ni na lura: ya fi na farko sauri. Kuma ko a ranar, ba ke kika faɗa ba. Ƙanwarki ce ta ga kina sosa wuya kina haɗiyar yawu da ƙyar ta kwarma ihu. Ke kina cewa ba komai.

A nan asibiti yana kusa, kuma duk gidan an san ki. Tsakar gidan nan ba a kwana da ƙwayar hatsi a ƙasa saboda ke, ko ba a taɓa gaya miki dalili ba. Can kuwa mijinki Lawali falken hatsi ne, buhuna har cikin zaure, kuma inda hatsi yake nan cinnaka ke gina gari. Shekarar da kika yi a can kafin ki zo haihuwa, Allah ne kawai Ya tsare. Na yi ta cewa zan yi wa Lawali magana, in ya zo gaishe ni sai ya durƙusa can nesa, ni in kalli gabas shi ya kalli ƙasa, mu yi ta batun ruwan sama har ya tashi. Sau nawa ana haka.

Shekaranjiya na daina. Na same shi a tasha ana yi masa lodi, na kama hannunsa na ja shi bayan mota. Yaron nan ya tsorata, ya ɗauka wani laifi ya yi.

Na ce, "Lawali, maganar cinnaka ce."

Ya ce, "Cinnaka, Baba?" Yana ƙoƙarin danne dariya, don ya ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi.

Na ba shi labarin tabarma tun daga farko. Kafin in gama dariyar ta gudu, ya tsuguna a ƙasa. Ya ce, "Wallahi Baba ba ta taɓa gaya mani ba. Ko sau guda. Buhuna ma jikin ɗakinta nake jingine su, don ya fi inuwa."

Kin ji? Jikin ɗakinki.

Mun yi magana mai tsawo. Ya yi alkawarin kwashe buhunan ya kai can bayan gida, a share, a toshe ramukan. Ya ce mashin ɗinsa ba zai ƙara kwana babu mai ba, kuma zai yi magana da maƙwabcinsa mai mota saboda ranar da yake kan hanya. Na ce masa ya je asibitin da ya fi kusa da ku, wanda su can suke ce wa likita, ya tambaya tun yanzu ko suna ajiye allurar nan, in babu ya san inda take. Kada a tsaya tambaya ranar da ake bukata. Na kuma ce masa kada ya ce lalle sai ya kawo ki Jibiya wurin iyayenki. Kin san halin iyakar nan, yau a buɗe gobe a rufe, ga shingaye, ga layin manyan motoci. Numfashi ba ya jiran a ɗaga shinge. Inda ya fi kusa, can za a nufa, mu a kira mu a waya daga baya. Gwaggonki Hure za ta raka ki gobe, kuma na ɗora mata ta zauna da Hajiya uwar mijinki ta faɗa mata komai. Kin san Hure, ba ta iya rage magana ba.

Duk wannan shiri, ɗiyata, a kan bakinki ya rataya. Lawali ba zai ji cizon a ƙafarsa ba. Hajiya ba za ta ji maƙogwaronta yana matsewa ba. Ke kaɗai za ki ji. In cinnaka ya cije ki, ki faɗa a take, da ƙarfi, ko gaban wa kike. Ko surukinki ne yake cin abinci, ko baƙi ne cike da gida. Kada ki ce bari ki ga ko zai lafa. Kada ki shige ɗaki ki ja labule. Da kin faɗa a fara shirin tafiya. In kika ji ƙaiƙayi yana yawo a jiki, ko leɓe ya yi nauyi, ko murya ta shaƙe, ko jiri, to ba sauran jira. Kada ki miƙe ki ce za ki taka da ƙafarki don kada a ce kin cika raki. A kwantar da ke a ɗaga ƙafafunki, in numfashi ya ƙi a kwance a zaunar da ke, a ɗauke ki a kai ki. In an samu mota ta fi mashin. In an yi allurar kin ji sauƙi, kada ki matsa a sallame ki saboda tuwon dare, don abin yakan dawo. Na tambaya kuma, an ce allurar ba ta hana shayarwa. Takalmi kuwa kada ya bar ƙafarki a tsakar gida, ki riƙa kakkaɓe tabarma kafin ki zauna.

Saura takwarana. Na tambayi malamin asibiti ko yaro yana gadon wannan abu. Ya ce ba lalle ba ne, amma a sa ido. To ga inda tsorona ya fi yawa. Shi ma ɗan fari ne. Za a sa ran ki kawar da kai daga gare shi gaban mutane, in ya yi kuka ki yi kamar ba ki ji ba sai wata ta ɗauka ta miƙo miki. Za a yaba miki in kin yi haka, a ce ɗiyar Isuhu ta san ya kamata. Ni ma an yaba mini shekara da shekaru.

Ban ce ki zubar da kunya ba. Kada ki kama sunansa, ai nawa ne, ko ba ɗan fari ba ne ba za ki kama ba. Kada ki yi ta yi masa rawa gaban surukai. Wannan duk ado ne, ki riƙe. Amma ranar da ya rugo da kuka ya wuce kowa ya rungume gwiwarki, ki sunkuya ki duba. Ki ɗaga rigarsa, ki duba ƙafarsa, ki saurari numfashinsa. In akwai mai magana, ki ce ubanki ne ya sa ki. Ni na samu babana ya buga sanda a ƙasa. Ban sani ba ko ke za ki samu mai buga miki, shi ya sa nake buga tawa tun yanzu.

Gobe da safe, bisa al'ada, ya kamata in sulale gona kafin ku fito, a ce ai maigidan ya fita. Ba zan je ba. Zan zauna a zaure gaban duk masu rakiya. In kin karanta wannan takarda kuma kin yarda da abin da ke cikinta, kada ki ba Hure yaron ta miƙo mini. Ki kawo shi da hannunki, ki ɗago kai ki ce, "Baba, ga shi." In na ji muryarki ta fito gaban mutane, hankalina zai kwanta cewa za ta fito a can ma. Ni kuma zan amsa miki da abin da na hana ki tun ranar da aka raɗa miki shi. Na gwada shi a bakina yau a gona, ni kaɗai, har sau da yawa, don kada ya maƙale gobe. Bari hannu ya riga baki.

Saratu.

Allah Ya tsare ki, Saratu, daga abin da ke tafiya a ƙasa da abin da ke tashi sama, Ya tsare ɗanki, Ya tsare mijinki a hanyoyinsa. Allah Ya sa ki yi ta shekaru ba ki bukaci ko layi ɗaya na takardar nan ba. Ya ba ku zaman lafiya da mutanen gidanku, Ya dawo mana da ku da ƙafafunku, takwarana yana gudu a gaba. Ki gaishe da Hajiya da dukan mutanen gida.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Isuhu, Jibiya.